Ƙusar da Na Ciro Daga Birkin Dattijuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida yayarki Hadiza da maigidanta da yara. Da fatan kin gama zirga-zirgar takardunki a birni lafiya. Allah ya tsare ki a inda kike, ya tsare ki a inda za ki, ya haɗa ki da mutanen kirki tun daga tasha har bakin ofis.

Idan kin buɗe ambulan ɗin nan za ki ga ƙusa ta faɗo. Kada ki yar, kuma kada ki ruga ki gaya wa Hadiza cewa Umma ta fara bin malaman tsibbu. Ƙusa ce kawai, tsohuwa, mai tsatsa. Zan zo kanta.

Na zaɓi in rubuto ne don na san halinki. Idan na kira ki a waya, kafin in kai tsakiyar magana kin ce “To, Umma,” da wannan muryar taki mai nufin “na ji, ba zan yi ba.” Takarda kuwa ba a katse ta.

Kin ce ranar Asabar za ki zo da sassafe ki ɗauki Dattijuwa, ki kama hanyar Riruwai, don Litinin ki fara aiki. Babanki ya ba ki motar, ni ma na yarda. Likitar dabbobi ba za ta bi rugage da akwatin allurai a kan acaɓa ba, kuma tsohuwar jif ɗin nan mai fowil, wadda tayoyinta huɗu duk suke ja, ba ta taɓa ƙin shiga inda aka nuna mata ba. Tafiya ba ita ce matsalarta ba. Tsayawa ce. Saboda haka makullin yana ɗaure a haɓar zanena, kuma ba zai fito ba sai ta koyi tsayawa.

Kin tuna makon jiya da kika kai ni ta’aziyya Dawakin Tofa? Garken shanu ya tare mu a hanya, kika tsaya. Ke kina ba ni labarin shugaban sashenku, ni kuwa gwiwarki nake kallo. Kika taka birki sau biyu, sannan kika riƙe. Shanu na wucewa, gwiwarki na miƙewa a hankali, a hankali, har motar ta fara rarrafe wajen wani bijimi. Kika ɗaga ƙafa kika sake bugawa, ko numfashi ba ki sauya ba, labarinki bai yanke ba. Na ce, “Auta, birkin nan lafiya?” Kika ce, “Lafiya lau, Umma, ai haka take.”

Haka take. A bakina kika koyi wannan maganar, shi ya sa ban yi miki faɗa a mota ba.

Ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma. Daga Shanono har Minjibir, ki nuna min tudun da zai sa mutum ya yi haki. Hanyoyin da ke tsakanin gonaki kuwa yashi ne. Kina ɗage ƙafa daga totur, yashin ya riƙe miki tayoyi. A nan mutum zai iya tuƙa mota babu birki tun yana saurayi, ya tsufa, ya mutu a kan gadonsa, a yi masa shaidar cewa direba ne mai natsuwa. Mu nan ba mu san birkinmu ya lalace ba, don ƙasar ce take yi masa aikinsa.

Lokacin da Babanki ya sayi Dattijuwa a gwanjon ma’aikatar gona da yake yi wa aiki, ina koyar da ilimin halittu a makarantar ’yan mata. A filin ƙwallo ya koya min tuƙi. Ya ce, “Sau biyu ake taka ta. Na farko sallama ne, na biyun shi ne shiga.” Na yi dariya na karɓa. Ni da nake tsare ’ya’yan mutane a aji ina ce musu kada su yarda da komai sai sun tambayi dalili, ban tambaya ba. Da kika isa koyo, a filin nan dai na zaunar da ke, na maimaita miki maganar har da dariyar. Ba ki taɓa tuƙa wata motar ba, don haka kin tashi kina zaton duk motocin duniya sai an yi musu sallama.

To, ki ji daga yau: birki mai lafiya taku ɗaya yake so. Idan na farko ya tafi ƙasa, na biyu ya kama, motar tana gaya miki wani abu ne. Ki lura da yadda yake bayan ya kama. In ya yi tauri kamar kin taka dakali, ƙarafan nan masu lanƙwasa da ke cikin duram ɗin tayar baya, waɗanda makanikai ke kira shu, su ne suka cinye ko suka yi nisa da duram. Takun farko tafiya yake yi ya cim musu. Za ki ga hanbirki ma sai ya kusa kai miki kafaɗa kafin ya riƙe. In kuwa ya kama amma da laushi, kamar kin taka katifar soso, iska ce ta shiga cikin man. Iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa. Kin ci wannan a jarrabawar sakandare, na ga sakamakon da idona.

Ranar da sallama da shiga suka ƙi yi min aiki, kina firamare. Ina dawowa daga makaranta da azahar, dawa ta yi kai, sai ga jaki a tsakiyar hanya yana tunanin duniya. Na taka, na sake takawa, na ƙara. Ƙafata ta taɓa ƙasan mota. Na karya sitiyari na faɗa gonar Malam Hadi, maƙwabcinmu na gabas. Karan dawa suka yi ta karyewa a gaba har motar ta gaji ta tsaya. Sai ga shi ya ɓullo daga cikin kara, lauje a hannu. Ya dubi hanyar da na share masa, ya dube ni.

Ya ce, “Malama, sannu da zuwa. Ai da kin aiko, da an kai miki har gida.”

Na ce, “Malam Hadi, birki ne.”

Ya ce, “To ai ga shi ya kama.”

Ya ƙi yarda a yi maganar ɓarna. Amma har Allah ya karɓi ransa, duk ranar da ya hango ni a mota sai ya ɗaga murya, “A kau da dawa, ga Malama nan!”

Da aka buɗe bonet, ɗan farin kofin man birki a bushe yake ƙaf. Cikin tayar baya ta hagu kuwa ya jiƙe kamar takardar ƙosai. Abin da ya fi ba ni haushi, na daɗe ina ganin ɗigo a ƙasa inda muke ajiye ta, ina ɗora wa awaki laifi. Kuma na daɗe ina ƙara mai a kofin, ina yabon kaina da kula. Auta, man birki ba shayi ba ne, mota ba ta shan sa. In ya ragu da sauri, wani wuri ya bi. Kowace safiya kafin ki tayar, ki buɗe bonet ki dubi kofin, ki dubi ƙasa, ki durƙusa ki leƙa cikin tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Kada ki ji kunyar durƙuso a gaban mutane. Macen da ke zura hannu cikin saniya har kafaɗa ta wuce jin kunyar taya.

Da la’asar ɗin ranar Babanki ya kira Ɗanlami bakanike, wanda kika sani. Ɗan silindan da ke cikin duram ne ya fashe, kuma sai a Kano ake samun sa, ga shi gobe Babanki zai raba takin zamani a ƙauyuka. Ɗanlami ya kwance bututun da ke kai wa tayar mai, ya zura ƙusa a bakinsa, ya ɗaure. Yoyo ya tsaya. Birkin wannan tayar ma ya tsaya, sauran ukun suka ɗauki aikin. Babanki ya ce, “Na wucin gadi ne, kafin ranar kasuwa.” Ban tambaye shi wace kasuwar ba.

Sai shekarun wahala suka shigo, waɗanda har yau ba su yi mana sallama ba. Albashi ya koma baƙo, man fetur ya koma abin da ake auna wa da kwalba, mutane suka fara cin abin da suka ajiye don iri. A irin wannan lokacin ne na kai Dattijuwa wurin Ɗanlami, kofin ya yi ƙasa. Ya ɗebo ruwa a gwangwani, ya barbaɗa garin sabulun wanki, ya kaɗa da sukurdireba.

Na ce, “Ɗanlami, wanki za ka yi mata?”

Ya ce, “Hajiya, kowa shi yake zubawa yanzu. Santsi ake nema, ai ga santsi.”

Na san ruwa yana tafasa. Na san ruwa yana cin ƙarfe. Da allo da alli na koyar da waɗannan. Na dubi jakata, na dubi gwangwanin, na ce to. Kuma abin ya yi aiki, wannan shi ne sharrinsa. Ya yi aiki har wata ranar bazara da na ɗauko buhunan gyaɗa, rana ta take, hanya duk ramuka, ina ta taka birki. Can sai na taka na ji wayam. Yashi ya tsayar da ni kamar kullum. Na zauna a gindin darbejiya har ƙarafan suka huce, na koma na taka, ga birki ya dawo kamar bai je ko’ina ba. Ruwan ne ya tafasa ya zama tururi, da ya huce ya koma ruwa. Da na ba Ɗanlami labari ya ce, “Hutawa ta yi, Hajiya. Tsohuwa ce.” Daga baya mun zubar mun sa na gaske, amma tsatsar da ya bari a ciki ba ta zubu ba.

Kada ki ɗauka Ɗanlami macuci ne. Mutane ne ke zuwa masa da abin da ke aljihunsu, shi kuma ya yanka musu gyara daidai da shi. Can ma za ki sami irinsa, wataƙila da irin sunansa. Ki sayi man birki da kanki, kwalba a rufe, ki ɓalle murfin da hannunki, irin wanda aka rubuta a kan murfin kofin. Kwalbar da aka buɗe aka ajiye tana shan laima, musamman da damina. Kada a zuba miki man inji, kada a zuba man gyaɗa, komai rantsuwar da za a yi; suna kumbura robobin ciki. Sabon mai garau yake, da ɗan ja-ja kaɗan. In kin ga na cikin kofin ya yi baƙi, a zubar duka a sake. Kuma in kin je gareji kada ki ce “mota ba ta da lafiya” ki koma inuwa kina latsa waya. Ki faɗi abin da kika gani, ki tsaya a kansa.

Akwai kuma firi. Ba sai na yi miki bayani ba, kin ga Babanki yana yi tun kina zama a cinyata: da an sami ɗan gangare sai a zare giya, a kashe inji, mota ta tafi da kanta, a ce an yi wa fetur wayo. Duk direbobin yankin nan haka suke yi, har da alfahari. Ni ma na yi, ranar da na kwashi matan unguwa za mu suna Shanono. A gangaren rafin da ke kan hanya na kashe inji. Takun farko lafiya, na biyu da dama-dama, na uku sai na ji kamar na taka turmi. Bai nutse ba, ƙin motsi ya yi. Na miƙe tsaye a kansa, motar tana ƙara gudu. Hajiya Talatu ta fara salati da ƙarfi. Inna Yalwa kuwa, Allah ya jiƙanta, ba abin da take faɗi sai, “Ku riƙe tukunyar miya! Ku riƙe tukunyar miya!” Muka zarce cikin rafin, babu ruwa, sai yashi har gwiwa. Dattijuwa ta nutsa ƙafafu ta tsaya. Sai Inna Yalwa ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, “Malama, wannan shi ne tuƙin da ake koyarwa a jami’a?”

Baƙar tukunyar nan da ke bayan kofin mai, wadda suke kira busta, ita ke ƙara wa ƙafarki ƙarfi, kuma daga inji take samun numfashi. In kin kashe inji, abin da ya rage mata bai wuce taku biyu ko uku ba. In kina son sanin ko tana da rai, inji a kashe ki yi ta takawa har ya yi tauri, ki riƙe, ki tayar. In ya ɗan sauka a ƙarƙashin ƙafarki, lafiyarta ƙalau.

Na taɓa zuwa wajen Riruwai rakiyar amarya. A gindin gangarensu babu rafin yashi yana jiran mutum. Dutse ne, da kwana, da rami. Na san mai zai yi miki tsada, na san albashin farko sai kin kusa manta kin yi aiki kafin ya zo. Wata rana za ki tsaya a kan tudu, allurar fetur tana kwance, hannunki ya nufi makulli da kansa, don jinin Babanki ne a jikinki. Kada ki kashe. Gara mai ya ƙare miki a fili ki taka da ƙafa, a yi miki dariya. Giyar da kika hau da ita, da ita za ki sauka, inji ya riƙe motar. In gangaren ya yi tsanani kuma ba kwalta, ki tsaya tun daga sama ki sa ƙaramar giyar fowil. Kada ki ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. Ki taka, ki ɗaga, ya sha iska. In kin ji wari kamar tuwo ya kama, ki tsaya ya huce da kansa, ban da watsa ruwa. In kin ratsa rafi, ki ɗan tattaka shi a hankali har ya bushe kafin ki amince masa. In kuma, Allah ya kiyaye, ya tafi gaba ɗaya, ki yi ta bugawa da sauri, ki sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ki ja hanbirki sannu a hankali, ki goga gefen motar da jikin tudu. Fenti ba ɗan’uwanki ba ne.

Yanzu ga abin da na gani a gwiwarki, wanda ya bambanta da duk waɗannan.

Washegarin ta’aziyyar, bayan kin tafi birni, na fita wajen motar. Kofi cike. Ƙasa a bushe. Tayoyi a bushe. Na shiga na tayar, na ɗora ƙafa, ba da ƙarfi ba, na riƙe, na fara karanta Ayatul Kursiyyu. Ban kai tsakiya ba ƙafata ta isa ƙasa. Mai bai fita waje ba, amma birki ya nutse: wannan masta ce, famfon da ke ƙarƙashin kofin, wanda ke tura mai zuwa tayoyi. Robobin cikinta sun cinye, man yana zagayewa ta bayansu ya koma inda ya fito. Ba ɗigo, ba ƙara, ba abin da ido zai kama. Wani lokacin takan yi yoyo ta baya zuwa cikin busta, don haka ki shafa wurin da suka haɗu ki ji ko da danshi.

Na aika aka kira Ɗanlami. Ya shiga ya narka wa birkin ƙafa kamar zai kashe kunama, ya ce, “Hajiya, ai dutse ne wannan.”

Na ce, “Sake. Taka kamar kana tsoron tada jariri.”

Ya taka a hankali. Muka tsaya muna kallon ƙafarsa tana tafiya. Da ta kai ƙasa ya cire hula ya sosa kai ya ce, “Ikon Allah.” Ki riƙe wannan: in an buga da ƙarfi robobin kan buɗe su kama, sai a ce miki lafiya. A takun hankali take tona kanta, kuma takun hankali shi ne wanda za ki yi a kan gangare.

Tun da abin ya kai haka na ce sai na ga komai. Na shimfiɗa tabarma na shiga ƙarƙashin mota, da shekaruna da gilashina, matan maƙwabta suna leƙe ta katanga. Na sa aka riƙo hannun Babanki daga zaure, don ka san idon nan nasa yanzu haske da duhu kawai yake rabewa, aka zaunar da shi yana taka min, ni ina bin bututu ina duba tiyon roba ko akwai mai kumbura. Biyu sun tsattsage. Da na iso tayar baya ta hagu sai na ga ta bushe fiye da kima, bushewar wurin da mai bai ziyarta ba tun tuni. Na ce Ɗanlami ya kwance bututun. Ƙusar ta faɗo a tafin hannuna.

Na fito na kakkaɓe zane, na sa ta a hannun Babanki. Na ce, “Malam, mece ce wannan?”

Ya jujjuya ta da yatsu ya ce, “Ƙusa ce.”

“Daga ina?”

Ya ce, “Ai na gaya miki ta wucin gadi ce.”

Na ce, “Malam, Auta tana firamare. Yanzu likita ce.”

Ya ce, “To ai kin ga ta yi ƙarko.”

Ɗanlami ya fashe da dariya, ni ma na yi. Babanki ya fara, sai ya tsaya. Ya damƙe ƙusar ya ce, “Da wannan zan tura yarinyar nan kan dutse.” Ranar ko rediyo bai kunna ba. Ban ƙara masa da komai ba, don ni ma duk shekarun nan ina jin motar tana fizga dama in na taka, hannuna yana mayar da ita har ya saba, ya daina gaya min.

Ba zan ce miki rayuwa kamar birki take ba. Kin yi jami’a, ni ma na yi, mun wuce wannan. Maganar birki nake yi. Sai dai in wani ya ce miki abu na wucin gadi ne, ko mai gidan haya ne, ko shugaban ofis, ko yaron nan Nura da ke kiran ki kina shigewa ɗaki kina rage murya, ki tambaye shi ranar. In ya ce ranar kasuwa, ki ce wace.

Ragon da nake turke da shi ya tafi kasuwa don kuɗin gyara, kada ki tambaye ni shi. Ɗanlami ya shiga Kano ya sayo masta sukutum. Ya so a sauya robobin kawai, na ce a’a, ruwan sabuluna ya riga ya ci cikinta, sabuwar roba ba za ta zauna a kan tsatsa ba. An sayo silinda, da bututu, da shu, da tiyo. Kafin Juma’a zai gama ɗaurawa. Amma fitar da iska na ce ya bari. Wannan ke za ki yi.

Don haka ranar Asabar ba tafiya za ki yi ba, aiki za ki yi. Ki zo da tsofaffin kaya. Aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Ni zan tsaya a kan kofin ina ƙara mai don kada ya ƙafe, in ya ƙafe an koma farko. Ke za ki shiga ƙasa da sifana, ki fara daga tayar da ta fi nisa da masta, ki ƙare a mafi kusa. Babanki ne zai zauna a kujerar direba. Shi ya nema. Ya ce aikin ba ya son ido, ƙafa yake so da kunne. Za ki ce masa ya taka, ya tattaka, ki ce ya riƙe. Ki kwance ɗan notin fitar da iska da ke bayan tayar, mai ya tsarto da kumfa, ƙafarsa ta sauka. Ki ɗaure tukuna, sannan ki ce ya ɗaga. In ya ɗaga kafin ki ɗaure, iskar da kika kora ta koma. Ki ɗaga murya, kin san shi da yin gaban kansa. Haka za ku yi ta yi har man ya fito garau babu kumfa. Ɗanlami zai zo ya sha shayi ya ba da shawara.

In an gama, ke za ki zauna, inji na aiki. Taku ɗaya, a hankali. Ki karanta Ayatul Kursiyyu daga farko har ƙarshe, ba irin karatunki na safiyar jarrabawa ba. In kin kai ƙarshe ƙafarki tana inda kika ajiye ta, sai mu je filin ƙwallo, ni ina gefenki ina kallon gwiwa. Duk lokacin da kika yi mata sallama kafin ki shiga, sai mu sake zagayowa. A filin nan na koya miki, a nan zan karɓi abina. Sannan in kwance haɓar zane, ki tafi Lahadi da safe.

In kuwa ya nutse ko da kaɗan ne, motar haya za ki hau, Dattijuwa ta biyo ki in ta warke. Na san za ki ce ba daɗi sabuwar likita ta sauka a tasha da akwati a ka. Babanki ma haka ya ce. Na ce masa ni dai in ta sauka, ko daga kan amalanke ne, ya ishe ni.

Ki zo da ƙusar. Ya ce a huda ƙyalle a ɗaura ta a jikin makullin, ki tafi da ita, tunda dai ta saba da motar.

Kuma ki zo da wuri. Tun ranar nan, kullum bayan ya karya kumallo sai ya lallaɓa ya bi bango har wajen motar, ya shiga ya rufe ƙofa. Jiya na leƙa na same shi hannu biyu a kan sitiyari, ƙafa a kan birkin da ba a ko haɗa ba, yana cewa shi kaɗai, “Na taka, Auta. Na riƙe.” Na lallaɓa na koma ciki.

Allah ya kawo ki lafiya, ya kai ki lafiya. Allah ya tsare ki a hawa da sauka, a kan kwalta da cikin daji, ya tsare ki daga sharrin ƙarfe da na mutum. Allah ya sa albarka a hannunki da dabbobin da za ki taɓa, ya dawo mana da ke duk lokacin da muka sa ido a hanya. Amin.

Wassalamu alaikum.

Ummanki.